Hawayen Ɗan Kwari a Ɗakin Rothko

Duk abin da aka ce mini kyauta ne, sai na juya shi na duba bayansa. Kasuwa ce ta yi mini wannan tarbiyya, don tun ina yaron shago nake Kantin Kwari, ga shi har furfura ta ci gemu ban fita ba. Saboda haka ranar da 'yata ta ce za ta kai ni wani gidan kallo a Landan inda ba a karɓar ko sisi a ƙofa, abin da na fara tambaya shi ne nawa ake biya a wajen fita.

"Abba, shiga kyauta, fita kyauta."

"Mamana," na ce da ita, don sunan mahaifiyata ta ci, "garin da har titi sai an biya kafin mota ta taka shi, su ne za su buɗe gida su ce kowa ya shigo? Akwai dai wata a ƙasa."

Bikin kammala karatunta ne ya kai ni Ingila, ana saura 'yan watanni korona ta kulle duniya. An gama biki, an sha hotuna, ni kuma abin da ke raina shi ne shagunan leshi da shadda na wajen Liverpool Street, waɗanda na daɗe ina jin labarinsu a bakin 'yan layinmu. Muka yi ciniki da ita: safiya tata, yamma tawa. Na ɗauka gidan tarihi ne irin Gidan Makama, in ga takubba da sulke, in ce "Allah sarki" mu fito kafin azahar. Na zuba farar babbar riga mai aiki, na kafa zanna bukar, na jefa kwalbar man zafi a aljihu saboda gwiwata ta dama da ba ta ga maciji da sanyi.

Muka ƙetare kogin Thames ta wata siririyar gada, iska tana neman ɗaga ni da riga, sai ga wani jibgegen gini na bulo mai duhu, babu ado, da dogon bututun hayaƙi mai mita 99 a tsakiya. Na ce wannan ai masana'anta ce. Ta ce kusan haka: tashar wutar lantarki ce da aka kashe a 1981, aka gyara ta aka buɗe a 2000 da sunan Tate Modern. Na tsaya na dubi ginin da kyau. Mutane suna da gidan wuta sukutum guda, suka kashe shi da hannunsu, suka zuba zane a ciki. Ban ce uffan ba, don akwai labarin da in ɗan Najeriya ya ji, shiru ne kaɗai maganinsa. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne jin cewa wanda gidan ya ci sunansa, Henry Tate, ɗan kasuwa ne, da sukari mai ƙwaya ya yi arziki. Ko banza gidan ɗan'uwa ne.

Muna shiga kuwa sai ga akwatin gilashi cike da kuɗin ƙasashe. Na ce, "Ba na faɗa miki ba?" Ta ce ganin dama ne. Na zaro naira ashirin na zura. Ta ce, "Haba Abba!" Na ce ta leƙa bayan takardar: Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Gidan masu fasaha ne, na kawo musu tamu.

Zauren farko shi ne inda injuna suke a da. Tsawonsa mita 155, daga ƙasa zuwa rufi mita 35, kuma a ranar babu komai a ciki sai yara suna gangarawa a kan siminti suna ihu. Kafin mu kai ƙarshen gangaren na riga na lissafa dila nawa zai ci, da kuɗin hayar da za a samu in aka yanka shi shaguna hawa uku. Ina cikin lissafi idona ya faɗa kan wani dogon tabo a daɓen, a karkace, alamar an liƙe tsaga. Na ce, "Ga aikin ɗan kwangila nan. Ashe su ma suna da su." Mamana ta ce a'a, wata 'yar Kolombiya ce, Doris Salcedo, ta tsaga shi da gangan a 2007, tsaga mai mita 167, don ta nuna ramin da ke tsakanin 'yan gari da baƙi. Jama'a suka yi ta zuwa kallo, wasu har ƙafarsu ta zurma. Da wa'adi ya cika aka cike ta.

"Wato gayyato ta aka yi ta fasa musu daɓe?"

"E, Abba."

"Aka kuma yi mata godiya?"

"Sosai ma."

Na ce mu hau sama.

A ɗakunan sama kowane kaya da 'yar takardarsa a gefe: sunan mai shi, shekara, da abin da aka yi shi da shi. Farashi ne kawai babu. Kaya ba farashi, ba mai tayawa, ga masu tsaro a kowace kusurwa; duk yadda aka yi kuɗin ya fi ƙarfin rubutu.

Muka tsaya gaban wani allo shuɗi. Shuɗi kawai, sama da ƙasa, babu ko ɗigo. Na jira Mamana ta nuna mini zanen, ta ce shi ke nan. Na ce wannan ai samfur ne, a tambaye su yadi nawa ya rage. Amma ƙafata ba ta ɗagu da wuri ba. Na sayar da shuɗi iri-iri, na shadda, na boyel, na yadin makaranta, ban taɓa ganin wanda ya tsaya wa ido haka ba. Ba ya ƙyalli ko kaɗan, kuma in ka daɗe kana kallo sai ka rasa inda fuskarsa take, kusa ko nesa. Wani Bafaranshe ne, Yves Klein, ya yi shi a 1959. Damuwarsa ita ce duk sa'ad da aka kwaɓa garin shuɗi da mai sai haskensa ya mutu, shi ne suka haɗa kai da wani mai sayar da fenti a Paris suka samo wani ƙaro na zamani da ke riƙe garin ba tare da ya kashe shi ba, ya kuma yi rajistar haɗin a 1960. Nan na girmama shi. Mutumin da ya samo kala ya ruga ya yi mata takarda kafin maƙwabta su farga, ko a Kwari zai ci abinci.

Girmamawar ba ta daɗe ba. A wani hawan, cikin akwatin gilashi, an kwantar da mazubin fitsarin maza irin na filin jirgi, fari tas, mutane sun kewaye shi suna gyaɗa kai. Na ja hannun Mamana na ce mu wuce, ba wurin tsayawar uba da 'ya ba ne. Ta ce ai rabin abin da ke gidan nan jikokinsa ne. Marcel Duchamp ne ya samo shi a New York a 1917, ya kwantar da shi, ya sa hannu da sunan bogi, ya aika wa masu baje koli, suka ƙi nuna shi. Hujjarsa ita ce in mai fasaha ya zaɓi abu ya ce fasaha ne, to ya zama. A 2004 aka tambayi masana 500, suka ce a ƙarni na 20 babu aikin da ya kai shi tasiri.

Duk wannan bai motsa ni ba, sai da ta ƙara da cewa na asalin ya ɓata tun tuni, wannan kwafi ne da aka yi a 1964 da izininsa, kuma an sayar da wani ɗan'uwansa a 1999 kan dala miliyan 1.7 da ɗoriya. Na dawo da baya na sake duba shi. Kwafi, a cikin gilashi, da mai gadi! Na ce, "Mamana, wannan mutumin ba mai zane ba ne, sarkin dillalai ne."

Zuwa lokacin gwiwata ta fara kiran sunana. Gidan hawa-hawa ne, ga sabon ɓangare da aka ƙara a 2016, ga Mamana da tafiyar mutanen Landan, sai ka ce an biyo ta. A wani ɗaki na hangi bulo jere a ƙasa, hawa biyu, tsaf-tsaf, ba siminti. Daidai tsayin da mutum zai ɗora ƙafa ya shafa magani. Na ce a fili, don tun safe nake faɗin abin da na ga dama da Hausa ba mai ji, "Allah ya yi wa birkilan da ya manta kayansa albarka." Na tattare riga, na ɗaga ƙafa.

"Alaji! Kar ka taka!"

Ƙafata ta tsaya a sama. Wani saurayi ne cikin kayan ma'aikata, da kati a wuya, da Hausarsa ta Zangon Kumasi. Mutum ba ya jin harshensa a bakin duniya ya wuce, saboda haka muka gaisa, kuma sai da muka kai "ina gajiya" na tuna ban sauke ƙafar ba. Ya ce bulo 120 ne, aikin wani Ba'amurke Carl Andre. Tate ta saya a 1972, tun kafin a buɗe wannan ginin, kan fam 2,297, a 1976 jaridun Ingila suka yi caa a kai, wai an zubar da kuɗin jama'a, har wani ya zo ya watsa musu shuɗiyar kala. Na ce to alhamdulillahi, ashe ina da magabata.

Ya yi murmushi. "Alaji, tun ɗakin can ina bayanka. Duk na ji. Har wanda ka ce a kai mai shi Dawanau."

Na tambaye shi lafiyar iyayensa.

Shi ne ya ce in ana so raina ya yi fari, a kai ni ɗakin littattafai. Muka sauko, muka ƙetara, sai ga ni a gida. Kantoci ne daga ƙasa har sama, cike da littattafai 6,328, kowanne an ɗinka masa riga da atamfa. Aikin Yinka Shonibare ne, wanda aka haifa a Landan a 1962 ya tashi a Legas. A gadon bayan da yawa daga cikinsu an rubuta sunaye da ruwan zinare, na baƙin da suka zo Birtaniya ko 'ya'yansu suka yi abin a zo a gani, har da na wasu da suka yi suna wajen ƙin jinin baƙin. Wannan Mamana ce ta karanta. Ni atamfar nake karantawa.

A nan bakina ya buɗe. Atamfa ba a saninta da ido, sai an murza, an duba ciki da baya ko kala ta ratsa, amma an riga an kafa mini dokar hannu a baya, saboda haka da hanci na matsa. Mamana ta ce abin da mai aikin yake nunawa shi ne wannan yadin da kowa ke kira na Afirka, asalinsa rinin mutanen Jawa ne a Indunusiya. Mutanen Holan suka kwaikwaya da inji a ƙarni na 19 don su sayar musu, can aka raina shi saboda tsage-tsagen da kaki ke bari a jikin kala, sai kasuwarsa ta buɗe a Afirka ta Yamma. Na ce wannan tsage-tsagen da suka raina, shi muke nuna wa mai saye mu ƙara masa kuɗi. Kamfanin Vlisco na Helmond tun 1846 yake, na san hatiminsa ko a mafarki, amma Indunusiya sai ranar na ji da ita a cikin zancen.

Ina cikin bayani murya ta ɗaga, hannun da aka ce in ajiye a baya ya fito aiki, hannun riga yana tashi yana sauka. Ban ankara ba sai na ga an yi mini da'ira. Wasu sun ɗaga waya, wasu sun zauna a ƙasa, wani dattijo ya dafa haɓa. Ɗan kasuwa kuwa in ya ga taro ba ya rage murya. Na bi kanta-kanta ina nuna wadda aka yi yayinta, da wadda ta kwanta mini a shago har na karya farashi, da wadda nake zargin 'yar Chana ce. Da na tsaya shan iska, aka tafa. Wata mata ta matso ta yi wa Mamana raɗa, na ga fuskar yarinya ta canza.

"Me ta ce?"

"Wai ƙarfe nawa za a sake wasan, tana so ta kawo mijinta."

"Ce mata bayan la'asar."

Ba ta faɗa mata ba. Ta kama hannuna ta ja ni zuwa wani ɗaki mai duhu-duhu, ta zaunar da ni a kan benci. "Abba, don girman Allah zauna a nan. Kar ka taɓa komai, kar ka yi wa kowa bayani. Yanzu zan dawo." Na gane ajiye ni aka yi, kuma an zaɓi ɗakin da babu abin da zan iya ɓatawa.

Bango ruwan toka, fitila a rage, ga manya-manyan alluna, wani ya haura mita huɗu a faɗi, duk kala biyu-biyu: ruwan hanta da baƙi, ko ruwan hanta da ja. A kan kowanne an yi siffar taga ko ƙofa, wani kuma ginshiƙai biyu kawai. Babu mutum, babu dabba, babu ko tsuntsu. Malamin da ya fi kowa tsanani kan hoto in ya shigo sai dai ya yi sallama ya fita. Mutane na zaune tsit. Na ce a raina wannan ya fi mai shuɗin lalaci, shi ko kala mai haske bai nema ba.

Duhu ya yi mini sutura. Na naɗe ƙafar wando a hankali, na buɗe kwalba, na lakato man zafi mai yawa, na murtsuke gwiwa har ta ɗauka. Na yi hamdala, na yi hamma. Hamma ta kawo ɗan ruwa a ido, hannu kuma ya tafi aikinsa na kullum, ya murje idon dama, ya ƙetara ya murje na hagu.

Wanda bai taɓa sa man zafi a ido ba, ba zan iya kwatanta masa ba, wanda ya taɓa kuwa ba ya bukatar kwatance. Ihu ya taso, na tuna dokar da aka kafa mini na danne shi, ya fito ta hanci da wata irin shessheƙa. Hawaye suka ɓalle ta kunci, ta gemu, har aikin wuyan riga. Na kai hannu in share, na ƙara wani. Da na rasa abin yi sai na gwale ido na kafa shi a kan allon da ke gabana, ina karanto duk addu'ar da ta zo baki.

Sai na ji an dafa mini kafaɗa. Wata tsohuwar Baturiya ce, ta miƙo mini hankicin takarda. Turancina na kasuwa ne, amma na tsinci abin da take faɗa: ita ma haka ta yi ranar da ta fara shigowa ɗakin nan bayan rasuwar mijinta, kada in ji kunya. Na buɗe baki in yi mata bayani, shessheƙa ta riga ni. Ta gyaɗa kai, idonta ya cicciko. Wani saurayi mai littafin zane ya bar bango ya koma zana ni.

Haka Mamana ta dawo ta same mu, ni da tsohuwa, muna kuka a jere.

"Innalillahi! Abba, waya aka yi daga gida?"

Na girgiza kai. Tsohuwa ta ce mata mahaifinta mutum ne mai zurfin zuciya. Yarinya ta dube ni, ta dubi bango, ta sake dubana, irin kallon wanda ya zauna da mutum shekara da shekaru bai san shi ba. Ta zauna gefena, ta yi ƙasa da murya, ta fara ba ni labarin mai aikin. Ban ga dalilin katse ta ba.

Mark Rothko sunansa. An haife shi a 1903 a wani gari da yau ke cikin Latbiya, aka kai shi Amurka yana yaro. A 1958 aka ba shi kwangilar dala 35,000 ya yi zanen da za a rataya a gidan cin abincin attajirai mai suna Four Seasons, a benen Seagram na New York. Ya yi alluna kusan 30, har ya faɗa wa wani editan mujalla da suka haɗu a jirgin ruwa cewa burinsa ya kashe wa masu cin abincin sha'awar ci. Da aka buɗe wurin ya je da matarsa suka ci, ya ga farashi, ya ga irin mutanen, ya dawo ya ce albarka. Ya mayar da kafin alƙalami, ya riƙe kayansa.

"Ya mayar da me?"

"Kuɗin, Abba. Duk abin da ya karɓa."

Nan wasu hawayen suka zo waɗanda ba na man zafi ba.

Tara daga cikin allunan ya ba Tate kyauta, da sharaɗin a ware musu ɗaki su kaɗai, kuma shi ne mai son a rage haske. Sun iso Landan ranar 25 ga Fabrairu 1970, ranar da aka tsinci gawarsa a ɗakin aikinsa.

To ga inda nake so a saurare ni, don 'yan layinmu dariya suke yi in na zo nan. Raɗaɗi ya hana ni tashi, kunya ta hana ni kallon mutane, saboda haka na daɗe ina kallon allo ɗaya fiye da yadda na taɓa kallon wani abu da ba kuɗi ba. Da zafin ya fara sauka, ido ya wanku ya kuma saba da duhun, sai abin ya sake. Baƙin nan ashe ba baƙi ba ne: akwai shuɗi a cikinsa, akwai makuba, wani wuri ya shanye haske, wani wuri ya maido shi. Ruwan hantar ma ba shafe ɗaya ba ce, ja yana tasowa daga ƙarƙashinta. Bakin ƙofar da na ɗauka layi ne, ba layi ba ne, narkewa yake yi cikin kalar da ke gefensa. In na ɗan karkata kai sai ƙofar ta matso, in na daidaita sai ta ja baya.

Sai na gane aikin, don na san shi. Kakana na wajen uwa marini ne a Ƙofar Mata. Ina yaro na sha zama bakin karofi ina kallo: a tsoma yadi, a ɗago shi kore-kore, iska ta buge shi ya juye shuɗi, a sake tsomawa, a sake ɗagowa, tun hantsi har rana ta karkata. Shuɗin da aka tsoma sau ɗaya a fuska yake zaune. Wanda aka yi ta tsomawa kuwa ciki gare shi, ido yana shiga ya yi ta tafiya. Haka mutumin nan ya yi da fenti: ya tsinka shi ya zama ruwa-ruwa, ya shafa, ya bari, ya sake shafawa, wani da mai, wani da ƙwai, wani da ƙaro, har kalar ta yi ciki. Mamana ta ce shi ya sa da wani ya yi rubutu da baƙar tawada a kan ɗaya daga cikinsu a 2012, sai da masu gyara suka shafe wata 18 kafin su fitar da ita ba tare da sun kwashe abin da ke ƙasa ba. Shi kuma aka yanke masa shekara biyu. Na ce sun yi masa sauƙi.

Ba zan ce ɗakin daɗi gare shi ba. Nauyi gare shi. Ƙofofi ne ko'ina kuma babu wadda za ka bi ka fita, mutum mai shekaruna kuwa in ya zauna gaban irin wannan ƙofa, ya san abin da take tuna masa. Na yi shiru, tsohuwa ta yi shiru, Mamana ta kwantar da kai a kafaɗata, abin da rabonta da yi tun tana firamare.

"Alaji."

Ɗan Kumasi ne, an canzo shi ɗakin. Ya sunkuyo daidai kunnena cikin ladabi.

"Alaji, rufe kwalban. Duk ɗaki ya ɗauka."

Ya dubi jajayen idanuna, ya dubi gwiwa, ya dubi tsohuwa. Ɗan halak ne, ya san girman manya: ya koma kusurwarsa ya juya baya, kafaɗunsa kawai ke rawa. Mamana mura take fama da ita a ranar, Allah ya rufa asiri. Tsohuwa kuwa ina jin ta ɗauka turaren ƙasarmu ne.

Kafin mu fita na ɗauki hoton allon na tura zauren WhatsApp na 'yan layinmu, na rubuta a ƙasa cewa yau na ga abin mamaki. Amsa ta farko: "Alhaji, yatsanka ya rufe kyamara." Ta biyu: "Su ma an ɗauke musu wuta?" Na duba hoton, da gaskiyarsu. Zurfin, motsin, girman da ke sa mutum ya ji ya ƙanƙance, babu ɗaya da ya shiga wayar. Na sake ɗauka, wayar ta ƙara haske da kanta wai ta taimake ni, ya fito ja jawur. Ko da muka fito rana ta yi nisa. Mamana ta ce in muka yi sauri za mu tarar da shagunan leshi a buɗe, na ce a bari sai wani jiƙon. Ta tsaya ta taɓa goshina.

Da na dawo Kano abin bai sake ni ba. Na ce tunda waya ta kasa, bari in sa a yi mini nawa. Na sayi faffaɗan katako, na kira wani mai zane da ake yabo a unguwarmu, wanda ke yi wa manyan motoci ado. Na yi masa bayani dalla-dalla: ruwan hanta a ƙasa, baƙi a kai, siffar ƙofa, a tsinka fenti, a shafa a bari ya sha iska a sake shafawa, kada a ja layi, kada a yi gaggawa.

"Alhaji, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba rubutu?"

"Babu."

Ya daɗe yana kallona. Muka yi ciniki, na ba shi kafin alƙalami, na ce ya ɗauki ko wata guda ne.

Washegari da la'asar sai ga shi da kaya a Adaidaita Sahu, lulluɓe da tsohon zani. Hajiya da yara suka fito tsakar gida. Ya yaye. Ruwan hantar tana sheƙi har kana ganin fuskarka, ƙofar an ja ta da ma'auni tsaf, an yi mata mariƙi da kwaɗo. A tsakiyarta kuma ga wani ƙaton zaki ruwan ɗorawa, ya wage baki a gindin dabino. Hajiya ta ce masha Allah, a kai mata falo.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya sosa ƙeya. "Alhaji, wallahi na kasa cin kuɗinka a kan fenti zalla, gani na yi kamar na cuce ka. Zakin kuwa kada ka damu, gyara ne."